Daga Birni zuwa kasuwar Dole a ƙafa

Bakanon da ya zo zama Damagaram, ƙafarsa ce ke fara ba shi kunya. Yana bakin titi yana ɗaga wa ɗan kabu-kabu hannu, wato ɗan acaɓa a wajenmu, don tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya ba, sai ga tsohuwa da kwando a ka ta wuce shi, daga Birni ta nufi kasuwar Dole, ko haki ba ta yi. Mu ma'aikatan lafiya mun san alherin da take yi wa jikinta.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Minti 30 sau biyar ke nan a ƙalla, kamar kilomita biyu da rabi kowace fita. A rarraba ma ya yi: goma zuwa masallaci, goma zuwa cefane, goma a dawo. Sai dai tafiyar hawainiya ba ta cika mudu. A ɗaga ƙafa har numfashi ya ƙaru, ana iya magana amma ba a iya rera waƙa.

Cikin alherin tafiya har da rage haɗarin kamuwa da sankara, kuma inda hujja ta fi ƙarfi shi ne sankarar babban hanji, ta mama, da ta cikin mahaifa. Tafiya na hanzarta wucewar abinci a hanji, tana rage yawan insulin, sinadarin da ke sarrafa suga, a jini, tana kuma rage kitse. Bayan mace ta daina al'ada, kitsen jiki ne ke samar da yawancin sinadarin mata mai suna istirojin, wanda yawansa ke ciyar da wasu sankarorin mama. Amma kada a ɗora wa tafiya abin da ba nata ba: sankarar bakin mahaifa ƙwayar HPV ce ke kawo ta, sai rigakafi da gwaji.

Lungunan Birni da Zango an gina su ne don mai ƙafa. Katanga na ba da inuwa, masallaci da mai kayan miya suna kusa. Sababbin unguwanni ne abin tsoro: titi fetal babu itace, gefensa rairayi mai cin ƙafa, kwata a buɗe, 'yan tebur sun cinye ɗan wurin da ya rage. A watan Afrilu, zafi na haura digiri 40, wa zai taka? Dole a fita bayan asuba ko gab da magariba, da gorar ruwa, da takalmi rufaffe, musamman mai ciwon suga, wanda zai duba tafin ƙafarsa kullum. Dogon yaro a jere, murfi a kan kwata, fitila ɗaya a kwanar titi, sun isa su fito da mata waje.

Duk lokacin da na ga tsofaffin nan, Hajiyarmu nake tunawa a Kano. Tun da aka mai da ta sabon gida a bayan gari, daga ɗaki sai tsakar gida, ko barka za ta sai an kira adaidaita. Na roƙi ƙanwata ta riƙa zagayawa da ita bayan la'asar, minti goma a makon farko, a ƙara biyar duk mako. Jiya a waya ta ce sun kai ashirin, Hajiya na mita gwiwa na ciwo, amma ita ke fara ɗaukar mayafi.