Kwana Uku a Bagega

Goggona ce ta tashe ni wannan tafiya. 'Yarta ta fari tana aure a Bagega, cikin ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara, kuma tun da aka fara maganar gubar dalma a rediyo goggo ba ta ƙara samun barci mai daɗi ba. Waya ba ta cika shiga garin ba, in ma ta shiga sai ka ji "lafiya lau muke", shi ke nan. Ta ƙulla mini turmin atamfa ɗaya da sabulu da 'yan rigunan yara, ta ce, "Ka je ka gano mini su da idonka, kada ka dawo mini da an ce." A watan Mayu na 2013 ne, hadari ya fara haɗuwa da yamma amma ruwa bai sauka ba tukuna.

Na bar Gusau bayan sallar asuba. Muka wuce Bunguɗu da Maru, a Mayanci muka saki hanyar Sakkwato muka yi hagu, kafin rana ta take muna Anka. Daga nan sai babur. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni ya ɗaure jakata a kan tanki, ya ce in riƙe da kyau, muka nausa kudu cikin rairayi da busassun ƙoramu. Abin da na fara lura da shi baburan da muke cin karo da su ne, kowane da buhuna biyu ko uku a baya, tayar ta lotsa saboda nauyi. Na ɗauka hatsi ne. Ya ce mini dutse ne, daga ramukan haƙa ake kai shi wurin niƙa. Su kansu mahayan fari fat suke da ƙura har gashin ido, kamar waɗanda suka fito daga buhun gari.

Labarin da na sani kafin in zo shi ne wanda kowa ya sani. Farashin zinare ya tashi a duniya, ya haura dala 1,000 kowane oza a 2009, manoma suka ga abin da ake samu a rami cikin mako ya fi abin da gona take bayarwa a shekara, suka duƙufa. Sai aka faɗa kan wata jijiyar dutse wadda zinarenta yake cakuɗe da dalma mai yawan gaske. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suke zagayen duba sanƙarau, suka tarar da ƙauyukan da yara suke mutuwa ba ƙaƙƙautawa, ana ba su maganin zazzaɓi ba ya yi. Da masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka ƙirga a Dareta da 'Yargalma, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Jimillar yaran da aka rasa a yankin ta kai 400 ko fiye. An share ƙasa mai guba a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, su Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Tungar Guru da 'Yargalma. Bagega ta fi su girma, aikinta ya fi tsada, sai aka bar ta tana jira. Kuɗin gwamnatin tarayya bai fito ba sai farkon 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun yi ta kururuwa a intanet a kan a ceci Bagega. Duk wannan na ji, amma ji daban gani daban.

Muna shiga gari na ga lebura sun cika wani lungu da fartanyoyi da shebur da baro. Ba gini suke yi ba, ƙasa suke kankarewa. Su bi tsakar gida taku bayan taku, su kwashe saman ƙasar kamar kaurin yatsu uku, su zuba a buhu, a loda a mota a kai wani ƙaton rami da aka haƙa a bayan gari a binne. Wani ma'aikaci yana bin su da wata na'ura ta hannu mai kama da ƙaramar bindiga, ya ɗora bakinta a ƙasa, ya jira kaɗan, ya karanta lamba. In lambar ta yi sama a sake kankara. In ta sauka sai a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa, a daddaɓe. Na tsaya na fi rabin awa ina kallo. Ma'aikacin ya ga na ƙi tafiya, ya yi mini bayani cewa a Amurka in dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan a ƙasar da yara suke wasa, sai a ce akwai haɗari, a ƙauyukan nan kuwa an auna wuraren da suka haura 100,000. Na yi lissafi a raina: kashi ɗaya cikin goma na ƙasar da yaro yake rarrafe a kai guba ce tsantsa.

Gidan ƙanwar tawa an riga an share shi. Tsakar gidan ja ce sabuwa, ɗakunan an yi musu daɓen siminti. Ta taho da gudu tana "Yaya, Yaya, kai ne da kanka?", ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura. Mun jima muna gaisawa kafin ta iya fara maganar. Da ta fara kuwa sai ta nuna mini wani tsohon turmi da aka kife a gefen danga, ta ce ba a ƙara taɓa shi ba. A cikinsa take daka dutse. Maza su kawo buhu daga daji, mata da suke cikin kulle su daka a gida a biya su, sana'a ce ta zo musu har ɗaka, wa zai ƙi? Takan daka da yaro a goye. In ta gama ta share turmin da tsintsiya, ta ɗauraye, ta surfa gero a ciki. Garin dutsen a nan tsakar gida ake shanya shi, kusa da randa, kusa da murhu. Wasu ma da ragowar ƙasar suka yi tubali suka yi yaɓe, don tana da laushi.

Ta ce agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai yara suka fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, idanu su kafe. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce maita, aka yi ta hayaƙi da rubutu. Ɗanta na biyu yana da shekara ɗaya da 'yan watanni ya fara jijjiga bayan magariba, kafin asuba ya cika. Ta faɗi wannan ba ta yi kuka ba, tana tsefe bakin zanenta. Abin da ta ƙara kawai shi ne, "Da mun sani, Yaya, ko zinaren duniya duka a cikin dutsen nan, ba ya shigo mani gida."

Wadda take bin marigayin tana raɓe a jikin uwarta duk tsawon hirar. Shekararta uku amma ba ta haɗa kalmomi biyu. Na miƙa mata alewa, ta dube ni ta dubi alewar, ta jima kafin hannunta ya taso. Sunanta yana cikin jerin yaran da za a fara ba magani. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai a duk tafiyar: maganin yana nan, ƙwayoyi ne da suke kama dalmar da take cikin jini su fitar da ita ta fitsari, amma likitoci ba sa iya fara bayarwa sai an share inda yaron yake zaune, domin yaron da aka wanke wa jini in ya koma wasa a ƙasa mai guba aikin banza aka yi. Yaran Bagega kusan 1,500 suka zauna jiran a kankare ƙasa, ƙasa tana jiran kuɗi, kuɗi yana jiran sa hannu a Abuja. Abin da dalma ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwar yaro kuwa magani ba ya mayar da shi.

Washegari mijin ƙanwar tawa ya raka ni inda ake niƙa, can wajen gari, don an hana shigo da dutse cikin gidaje. Tun daga nesa ake jin ƙarar injuna. Irin injin niƙan hatsin da muka sani ne, shi aka juya yana cin dutse, ƙura tana tashi kamar hazo a watan sanyi. Samari suna tsaye a bakin injin, mafi yawansu ko ƙyalle ba su ɗaura a hanci ba. Gaba kaɗan ana wanki: a zuba garin a kan wani katako mai gangare da aka shimfiɗa wa tsumman kafet, a bi shi da ruwa, mai nauyi ya maƙale, laka ta gangara cikin kududdufi. A bakin wannan kududdufin na ga shanu suna sha. Abin da ya maƙale a juye a kwano, a ɗiga masa zaiba, wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba ya sa hannu tsirara yana murzawa. Ya tace a ƙyalle ya matse, ya fito da ɗan dunƙule kamar ƙwayar wake, fari-fari. Aka ɗora a cokali aka sa wuta, zaibar ta bi iska, mu duka muna tsaye muna shaƙa, abin da ya rage ya koma rawaya. Guba biyu ke nan a sana'a ɗaya, ta dalma da ta zaiba. Wani gutsuren dutse da na ɗauka yana ƙyalli baƙi-baƙi kamar dutsen kwallin da iyayenmu mata suke niƙawa, kuma ashe shi ma kwallin dutse yakan ƙunshi dalma, abin da ya kamata masu ranɗa wa jarirai shi su sani.

A ƙarƙashin wata rumfa mai saye yana zaune da ɗan sikelinsa da jakar kuɗi, shaddarsa fara ƙal. Ya auna, ya ƙirga, ya miƙa, ya naɗe zinaren a takarda ya sa a aljihu. Na bi aljihun nan da ido. Daga nan zai wuce Gusau ko Kano, da yawansa ya ƙare a kasuwannin Dubai, ya zama sarƙa da awarwaro. Duk wanda ya taɓa shi a hanya zai ci riba, kuma ba ko ɗaya daga cikinsu da za a tambaya kuɗin buhu guda na ƙasar da ake kankarewa a Bagega.

Ban yarda da masu cewa jahilci da kwaɗayin talaka ne suka jawo ba. Kundin tsarin mulki ya ce duk ma'adinin da yake ƙarƙashin ƙasar Najeriya na gwamnatin tarayya ne. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta a duba illar da haƙa za ta yi wa muhalli kafin a fara, ta ce a gyara wuri bayan an gama, har ta tanadi asusu domin haka. Wanda ya ce dukiya tasa ce, ai kula da ita ma tasa ce. Da an aiko ko mutum ɗaya mai irin na'urar nan ta hannu tun a 2009, ya auna dutsen ya ce wa masu gari kada a kai shi gida, da turmin ƙanwata bai ga dutse ba. Na tambayi wani dattijo a wurin ko ba za su daina ba gaba ɗaya. Ya ce, "Ɗana, in munka daina mi za mu ci? A nuna muna yadda za mu yi shi ba mu kashe ɗiyanmu ba." Kuma hanyar akwai ta, ba ta da wani tsada: a niƙa dutse da ruwa don kada ƙura ta tashi, a ware wurin aiki nesa da gida, ma'aikaci ya yi wanka ya canza kaya kafin ya koma wurin iyalinsa, a hana yara zuwa. Daga baya an koyar da haka a wasu wuraren yankin, an ga sauƙi. Amma darasin bai yi nisa ba, domin a 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. A 2019 gwamnati ta hana haƙa a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024. MSF ta miƙa aikinta ga jiha a 2022. Ni kuwa hanyar Anka zuwa Bagega ta gagare ni shekaru da yawa saboda halin da dajin ya shiga.

Da muka dawo daga wurin niƙa, ƙanwata ta tare mu a zaure da bokitin ruwa da sabulu. Ba ta bar ko mijinta ya taka tsakar gida ba sai da ya tuɓe rigarsa ya rataye a waje, muka wanke ƙafafu da hannuwa da fuska, ta ɗauki takalmanmu da kara ta jefa a bokiti. Ta ce haka take yi kullum tun da aka shimfiɗa sabuwar ƙasa, wani lokacin har su yi faɗa in ya dawo a gajiye, amma ba ta fasawa.

Rana ta uku da sassafe ɗan kabu-kabun ya zo. Ta fito da ƙullin tsarabar goggo: daddawa, kuka, da garin gero kwano biyu. Na karɓa, hannuna ya tsaya a kan ƙullin garin, ban ce komai ba amma ta gane. Ta ce, "Kai mata, Yaya. Anka na aika aka niƙo shi, a injin da bai taɓa ganin dutse ba." Na ɗaura a bayan babur. Yarinyar tana tsaye a bakin zaure cikin sabuwar rigar da kakarta ta aiko, uwar ta kama hannunta tana ɗaga mata shi, har muka sha kwana.