Godiya ga waɗanda suka tsaya min kan matsalar rauta

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah rautarmu, wato na'urar da ke raba mana intanet, ta dawo daidai, yau kwana uku cur ba ta sake tsayawa ba, shi ne na ce bari in fito in yi godiya tun da sauran zafin abin a raina.

Kwana tara na yi ina fama. Waya za ta nuna ta hau WiFi amma shafi ko ɗaya ba ya buɗewa, in ka yi ping zuwa 8.8.8.8, wato ka gwada taɓa wani adireshi na intanet da lambarsa kai tsaye, ya amsa lafiya lau, ka rubuta sunan shafi kuma shiru. Duk kwamfutar da ta shigo sabuwa sai ka ga ta ɗauki adireshi mai farawa da 169.254, wato ba wanda ya ba ta IP, lambar adireshinta a netwok, kenan. Na canja kebul, na canja caja, har na fara zargin masu ba mu intanet alhali ba ruwansu, Allah ya yafe min.

Godiya ta farko ga Malam, wanda ya koya min wannan aikin tun farko, na kira shi cikin dare ina ta zuba bayani, ya bari na gama tsaf sannan ya ce, in ta sake yi kar ka kashe ta. Ashe ni ke goge shaidar da hannuna, don log ɗin, wato bayanan da rautar ke rubutawa kan abin da ke faruwa, a RAM yake zaune, ma'ajiyar da ke gogewa in an kashe na'ura, duk kashewa da kunnawar da nake yi tafiya yake. Da ta sake tsayawa na daure na shiga cikinta ta SSH, hanyar ba na'ura umarni daga wata kwamfuta, sai ga shi ƙarara, sabis ɗin da ke raba adireshi na DHCP, wanda shi ne dai ke amsa DNS, wato mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshinsa, ya mutu gaba ɗaya.

Sai abokin aikina, shi ya lura da abin da ni ban gani ba, cewa duk awa 6 take faɗuwa. Hayar adireshinmu, wato tsawon lokacin da rautar ke ba kowace na'ura aron adireshi, awa 12 ce, kuma na'ura kan nemi sabuntawa ne in ta cinye rabin lokacin. Muka kunna tcpdump, manhajar da ke kama saƙonnin da ke wucewa a netwok, kan fot 67, ƙofar da buƙatun DHCP ke shigowa, muka zauna zaman jira, ni da shi ido a kan sikirin har gari ya kusa wayewa, muka buɗe abin da ya kama a Wireshark, manhajar karanta irin waɗannan saƙonnin. Wata tsohuwar firinta ce, sunan da take turowa ya wuce harafi 63 da DNS ya yarda da shi, sabis ɗin maimakon ya ƙi karɓa sai ya kife. Ɗan'uwa ban san da me zan biya ka barcin da ka rasa ba.

Mun rage sunan firintar, nan take matsalar ta lafa. Na tura rahoto da log ɗin ga masu kula da manhajar sabis ɗin, wani bawan Allah a cikinsu da bai taɓa ganina ba ya yi faci, wato gyaran manhajar, ya turo in gwada, na mayar da dogon sunan da gangan, ko gezau rautar ba ta yi ba.

Mutanen gida da abokan aiki da suka yi ta haƙuri da yankewar netwok ba tare da sun ɗaga min murya ba, ku ma na gode ƙwarai. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana.