Shiga da sallama ake yi

Ranar Asabar na leƙa ɗan filina da ke wajen Dambo, sai na tarar wani ya zube tifa biyu ta yashi a ciki, har da tuge turakun da na kafa. Na nufi wajen mai unguwa ina huci, na ce an shigar min fili. Bai ko ajiye carbinsa ba ya ce, "A'a Malam, shiga ai da sallama ake yi. Wannan kutse ne."

Tun daga nan kalmar ta maƙale min. Uwarta ita ce kutsa, wato mutum ya tura kai inda ba a buɗe masa ba. Muna yara haka muke kutsawa tsakanin ƙafafun manya a ƙofar fadar Sarkin Zazzau ranar hawan Sallah, hula a hannu, kafaɗa a gaba. Haka akuya take kutsawa ta ɓarakar danga. Akwai matsi a cikin kalmar, akwai rashin kunya kaɗan. Malaman zaure kuwa sun fi cewa keta haddi, haddin nan na Larabci mai nufin iyaka, su kawo maka aya ta 27 a Suratun Nur da ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama. Ita ce a taƙaice ake rubutawa da gawayi a bangon zaure: Ba a shiga.

Wani abokina da ya yi karatun lauya a Kongo, harabar jami'ar ABU da ke Zariya, ya ce ni ma in daina cika baki, kutse ma ba namu ba ne mu kaɗai. Kalmar da Turawan Ingila ke amfani da ita, trespass, aro ce daga tsohon Faransanci, asalinta ƙetarewa. Su layin da aka tsallake suka kalla. Ni dai tamu ta fi min, don tana nuna maka mutumin da kansa yana cusa kai.

Ya kuma karanta min sashe na 342 na Final Kod, dokar hukunta laifuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960. Ashe a can taka ƙasar wani kaɗai bai isa laifi ba, sai da niyyar aikata laifi, ko tsorata mai wurin, ko ci masa mutunci, ko ɓata masa rai. Wanda ma aka ba izini ya shiga, in ya ƙi fita da irin wannan niyya, ya faɗa ciki. Na ce to raina dai ya ɓaci. Ya yi dariya ya ce niyyar mai yashin alƙali zai tambaya.

Na dawo gida da magariba, 'yata ta tare ni a zaure da waya a hannu, ido jawur. "Baba, an yi min kutse a Facebook." Yashin kuwa yana nan har yau, yaran unguwa sun mai da shi filin alkafura.