Robobi 17

Laraba.

Zafi ne ya tashe ni tun kafin assalatu. Babu wuta tun la'asar ɗin jiya, fankar caji ta mutu da tsakar dare, sai na ja tabarma na dawo tsakar gida na kwanta da sauro. Afrilun Kano ke nan, ba baƙon kowa ba ne.

Da na idar da sallah na leƙa lungun shukokina. Na'ana'ar cikin tsagaggiyar jarka tana nan shar, ita ba ta da laifi. Zogalen da na shuka a ledojin fiya wata ya fito, tara cikin goma sha biyu, har na yi 'yar guɗa ni kaɗai. Amma tumatirin bokitin fenti na biyu ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka yi wa faɗa. Ruwan da nake zuba masa da safe ko azahar ba ya kaiwa, ga 'yan garuwa kullum sai sun ƙara wani abu a kan jarka. Nan take na ce yau kowace shuka sai ta samu robar ɗigonta, irin wadda na gwada wa attaruhu makon jiya. A ɗora allura a wuta a huda murfin, a yanke gindin robar, a kifa ta cikin ƙasa kusa da saiwa, a cika ta da yamma, ta kwana tana tsiyaya a hankali. Gindin da aka yanke kuma ba ya ɓaci, shi nake kifawa a kan ƙananan tsiro saboda ƙadangaru.

Robobi ne ba ni da su. Sai na tuna wani buhu da na gani a bayan sito, na jawo shi. Robobin ruwa ne 'yan madaidaita, an wanke su tas, an ɓare takardar jikinsu, kowace da murfinta a ɗaure. Da ina da lura, nan ya kamata in tsaya in yi tambaya, don a gidan nan babu mai wanke ko kofin da ya sha shayi. Na ɗauka na walimar kwanaki ne Abbansu ya tara mini. Har addu'a na yi masa.

Ni da Auta muka zauna, ita tana hudawa ina yankawa. Ita ce ma ta nuna mini lambar da ke gindin kowace, a cikin 'yar alama mai kusurwa uku: 1 a robar ruwa, 2 a jarkar mai, 5 a bokitin fenti. Wai a makaranta aka koya musu, mai lamba 1 ba ta son ruwan zafi, tsukewa take yi. Muka yanka 17. Muka jera, muka cika, na ɗauki hoto. Gaskiya sun yi kyau, rana tana dukansu suna ƙyalli.

Da hantsi almajirinmu ya shigo bayan karatun safe. Ya gaishe ni, ya ɗauki tsintsiya, ya nufi lungun, sai na ji sharar ta tsaya.

"Mama, robobin nan na cikin buhu ne?"

"Su ne. Ka ga aiki ko?"

"Sun yi kyau," in ji shi. Ya ci gaba da shara.

Ban kawo komai a raina ba sai da Auta ta biyo ni ɗakin girki tana raɗa. Ashe nasa ne. Tun bikin gidan maƙwabta yake tsinta, ɗaya biyu, yana wankewa da ragowar ruwan wanke-wankena yana ɓoyewa. Gobe Alhamis babu karatu, zai kai wa matar nan mai kunun aya ta layin baya, ita take saye. Silifas yake son canzawa. Na san silifas ɗin, ɗaya da ƙusa aka riƙe igiyarsa.

Na kira shi. Na ce, "Ɗan Malam, me ya hana ka gaya mini ka ajiye kaya a bayan sito?"

Ya dubi ƙasa. "Ai gidanku ne, Mama."

Kalmar nan ce ta hana ni sukuni yini guda. Da ya ɓata rai, ko ya yi ƙunƙuni, da na samu abin riƙewa. Shekara biyu yana shigowa gidan nan safe da yamma, ya san inda nake ajiye gishiri, ya san wace kaza ce mai satar shiga lungu, amma bai ga yana da ikon cewa wannan buhun nawa ne ba. Ni kuma ban taɓa tambayar kaina ina yaro irinsa yake ajiye abin da ya mallaka ba.

Na ce to nawa take saye, in biya ka. Ya ce a'a. Na ce ba kyauta ba ce, ciniki ne, na saya. Ya ce ai bai sayar mini ba, kuma tumatirin in ya nuna shi ma a miya zai ci. Na matsa, ya yi dariyar nan tasa ta jin kunya yana murza kan tsintsiya. Sai na canza hanya na ce to ya koya mini yadda harkar take, nan bakinsa ya buɗe. Mai kunun aya ɗaiɗai take ƙirgawa, amma ba ta karɓar wadda ta lotse, ko marar murfi, ko wadda aka taɓa zuba kananzir ko man ja, sai ta shinshina kowace. Masu zoɓo ma haka. Wadda ta lalace kuwa sai 'yan jari bola, su kuma a sikeli suke ɗorawa, sai ka tattake buhu guda kafin ya yi nauyin abin kirki. Wato roba mai lafiya da murfinta kuɗi ce a hannu, da zarar wuƙa ta taɓa ta kuma ta koma tarkace.

Ni da nake ta cika baki ina cewa ina ceto robobi daga bola. Waɗannan 17 ɗin babu wadda ta kama hanyar bola a cikinsu. Kunun aya za su ɗauka gobe, wataƙila wani yaron ya sake tsintarsu jibi su ɗauki zoɓo. Ni na tare su a hanya da wuƙar yanka albasa.

Abbansu da na ba shi labari a waya dariya ya yi. "Ki saya masa takalmi ki huta." Zan saya. Amma ba takalmin ne ya tsaya mini a wuya ba, shi kuma yana kasuwa, ban ja zancen ba.

Rana, dafa-duka. Gishiri ya so ya yi yawa.

Gwaggo ta kira, ƙafar da sauƙi, tana son a aika mata garin zogale.

Bayan la'asar na je matsar da buhun shinkafar nan da na shuka kuɓewa a ciki bara. Ina ɗagawa ya yage a hannuna, ƙasa ta zube mini a ƙafa. Rana ta cinye shi, zarensa ya zama gari-gari, fari-fari, ya gauraye da takin awakin da na sha wahalar nema. Na tsuguna ina tsincewa, na tsinci manyan, ƙananan kuwa ko da rariya ba za su fita ba. Roba ba ta ruɓewa yadda ganye yake ruɓewa, marmashewa kawai take yi ta zauna. Na ɗaga kai na dubi 17 ɗina masu ƙyalli, na ce ku ma haka za ku ƙare, a cikin ƙasar da nake shuka abin miya.

Daga nan tunani ya ɓalle. Ragon layyarmu na bara, da mahauci ya farke tumbinsa, dunƙulen leda ya zaro, baƙi, a murɗe kamar gammo. Kwatar ƙofar gida da damina, yadda ledojin fiya wata suke toshe ta ruwa ya dawo mana zaure. Kenya ta hana ledar cefane tun 2017, Legas ta hana farin mazubin abincin nan mai kama da soso a 2024, mu kuwa mai kayan miya tattasai leda, albasa leda, attaruhu leda, sannan ya haɗa su a babbar leda, in ka ce ya bari ya dube ka kamar ka zage shi. Lunguna taku shida ne. Ko ledar layinmu ta yini ɗaya ba zai ɗauke ba.

Na dai kwashe ƙasar na zuba a tsohon bahon wanka, na huda masa gindi da ƙusa mai zafi.

Bayan magariba ya dawo karɓar tuwo. Ya tsaya a bakin ƙofa da wani abu a naɗe cikin rigarsa, ya zazzage a gabana. Robobi shida, duk a lotse, ɗaya har da sawun taya.

"Irin waɗannan ba ta karɓa, Mama. In kin hura su za su miƙe. Amma biyu ne kawai masu murfi."

Na ce Allah ya yi albarka, muryata ba ta fita sosai ba. Na shiga ciki na zuba masa tuwo, na naɗe kuɗin a leda, ledar dai, na cusa a ƙarƙashin murfin robarsa ban ce komai ba. Na kuma ce gobe ya zo da wuri mu buga ƙusa a cikin sito, ya riƙa rataye buhunsa, babu mai taɓawa. Ya ce to.

Yanzu na dawo daga lungun da fitilar waya. Uku sun riga sun tsiyaye ƙaf, Auta ta buɗa hujin da yawa. Sauran 14 suna ɗiga. Har yanzu babu wuta.