Alhamdu Lillahi, Na Kare Kundina: Godiya Gare Ku Duka

Alhamdu lillahi. Jiya na kare kundin digirina na uku a gaban malamai, kuma sun amince da shi. Saƙonnin taya murna sun fi ƙarfin in amsa ɗaya bayan ɗaya, don haka na ce bari in yi godiya a nan.

Da yawa kuna tambaya me nake leƙawa shekara da shekaru a madubin ƙara girma. Cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai mitokondiriya, su ke samar da kuzarin da ƙwaya ke aiki da shi. Mitokondiriya mai lafiya takan shigar da wani furotin mai suna PINK1 cikinta a yanka shi. Wadda ta lalace ba ta iya wannan, sai PINK1 ya taru a fatarta, ya jawo wani furotin mai suna Parkin, shi kuma Parkin ya liƙa wa furotin ɗin da ke fatar alamar ubikwitin, wadda ke nuna abin da za a zubar. Daga nan ƙwaya ta naɗe ta cikin wata 'yar jaka, ta kai wa laisosom, sashen ƙwaya mai narkar da shara, ya narkar, a sake amfani da kayan, kamar yadda maƙeri ke narka tsohuwar garma ya ƙera sabuwa. A Japan aka fara danganta Parkin da cutar Parkinson, mai sa rawar hannu da jiki, a 1998, na PINK1 ya biyo a 2004. Tangarɗa a ɗayansu na kawo cutar tun mutum yana da ƙuruciya. Yoshinori Ohsumi kuwa da yisti ya bankaɗo tushen wannan shara ta cikin ƙwaya, ya samu kyautar Nobel a 2016.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, shi ne silar shigata wannan fage. Ban manta yadda yake riƙe kofin shayi da hannu biyu ba, shayin na zuba a kan rigarsa, yana murmushi don kada mu damu.

Malamina da ya duba aikin, Allah ya ƙara girma; kowane babi ya bi shi layi-layi da jan biro. Ma'aikacin ɗakin gwajinmu ya taso da tsakar dare da wuta ta ɗauke, ya kwashe samfurorina zuwa wani firiza kafin su narke. Ba don shi ba, da aikin shekara ya tafi. Inna, addu'arki ba ta faɗi ƙasa ba. Maiɗakina ta riƙe gida da yara ba tare da ƙorafi ba, Allah ya biya ki da Aljanna. Yaya, kuɗin da ka turo lokacin da tallafi ya makara, Allah ya ninka maka.

Ga masu rubuto min saboda suna da mara lafiya a gida: aikina bincike ne kan yadda ƙwaya ke aiki, bai kai ga magani ba. Don Allah kada ku dakatar da levodopa ko wani maganin da likita ya rubuta sai da saninsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka muku duka da alheri.