Naira ko kobo?

Yau da azahar a ofishinmu na Unguwar Rimi, wani ƙanena a sana'a ya kira ni in duba wakilin ƙirƙirarriyar basira da yake haɗa wa wani shagon atamfa, wato tsarin kwamfuta da ke aiwatar da aiki da kansa idan an umarce shi. A gwaji muka umarci wakilin ya mayar wa mai saye naira 5,000, sai ya tura 5,000 ga tsarin biyan kuɗin da ke ƙirga da kobo, naira 50 ke nan. Yaron ya hau zargin na'ura. Na ce, "Buɗe min bayanin da ka rubuta wa kayan aikin." Kayan aiki a nan shi ne ƙaramar manhajar da wakilin ke kira don ta yi masa wani aiki, kamar mayar da kuɗi. Bayanin layi ɗaya ne tal: "yana mayar da kuɗi." Ba naira, ba kobo, ba a faɗi lokacin da ya dace a kira shi ba, balle abin da zai dawo da shi idan kuɗin bai shiga ba.

Wallahi abin ya tsaya min a rai. Wakilin ba ya ganin cikin manhajar. Suna, bayani da jerin abin da za a shigar kawai yake karantawa, da su yake yanke hukunci. Tun da kamfanin Anthropic ya fito da MCP, wato ƙa'idar haɗa irin wannan wakili da kayan aiki, a Nuwamban 2024, haɗa kayan aiki ya yi sauƙi, shi ya sa muke gaggawa a kan rubutun. Muka miƙa layin bayanin ga wata abokiyar aikinmu da ba ta san aikin ba, ita ma ta kasa gane me za ta shigar. Gobe in Allah ya kai mu, sauran bayanan za mu ba ta ta karanta kafin mu taɓa komai.