Tarihin Rayuwata, kashi na 11: Filin Kawu

Makon jiya na tsaya a daren da muryata ta maƙale a gaban jama'a a nan Tawa, a baiti na biyu na waƙar da na yi wata uku ina bita. Mai kalangu ya zagayo da kiɗan har sau uku yana jirana, bakina ya bushe ƙayau, mikoro na rawa a hannuna. Wata 'yar amshi ce ta ɗauki baitin ta rufa mini asiri. Daga nan na yi kusan wata biyu ban taka wurin bita ba. Inna ta ce baki ne, aka karɓo mini rubutu na sha. Duk da haka, ko a rediyo na ji an ɗauko waƙa sai gabana ya faɗi.

Ƙanen Inna tsohon ɗan kokowa ne. Bai taɓa ɗaukar takobin da ake ba zakaran kokowar ƙasa ba, kuma tun da gwiwa ta hana shi shiga fili ya koma horar da samari. Yana yaro aka yi gasar takobi ta farko a garin nan, a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, kuma har gobe in ya fara ba da labarinta sai shayi ya huce.

A watan Agusta na 2016 muka taru a ƙofar gidansa cikin tsakar dare muna kallon tele. Abdul Razak Alfaga ne ya kai wasan ƙarshe na taikwando a gasar Olamfik ta Riyo, ya samo wa Nijar lambar azurfa, ta farko tun bayan tagullar da ɗan dambe Isaka Dabore ya ciyo a 1972. Ana ta sowa, Kawu ya juyo wurina.

"Ɗiyata, yaron ga karo huɗu ya yi yau. Faɗan duka 'yan mintoci ne, sauran yinin jira ne. Wanda bai iya jira ba, tun a ɗaki an kada shi. Ke wa ya koya miki jira?"

Na yi shiru. A ƙungiyarmu muna iya yin awa uku a kan amshi guda, amma ba wanda ya taɓa ce mini ga abin da zan yi da kaina a minti goman nan na bayan labule.

Jibin ranar, bayan la'asar, na bi shi fili. Na zauna a kan benci ina kallon wani saurayi da za a gwada da wanda ya fi shi jiki. Kafin ya shiga sai ya durƙusa, ya ɗebi rairayi ya murza a tafin hannu, ya ja numfashi ta hanci ya sake shi a hankali har sau biyar, leɓensa na motsi. Da aka sake kiransa, haka ya yi, bai ƙara ba bai rage ba. Kawu ya ce shi ya ɗora su a kai. In jiki ya saba da abu guda kafin kowane karo, ranar da fili ya cika maƙil, ganga na tashi, cali-cali masu ba mutane dariya na zagayawa, jikin zai gane hanyarsa ko da zuciya ta rikice.

Akwai wani malamin motsa jiki da ke taya Kawu, wanda ya yi karatu a makarantar horar da malaman wasanni ta Yamai. Na ce, "Mushe, me ya sa bakina ke bushewa?" Ya ce in mutum ya tsorata, jiki na sakin wani sinadari, adiranalin. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya koma ga manyan tsokoki, yawu ya ɗauke, numfashi ya tsaya a ƙirji. Ɗan kokowa na amfana da wannan, mawaƙi kuwa da maƙogwaro da numfashin ciki yake aiki, wurin da abin ya fi taɓawa. Ya ce fitar da numfashi a tsawaice na rage gudun zuciya, shi ya sa nake ganin yaran na yi. Ranar ce na fara yarda cewa abin da ya same ni yana da suna, kuma ana iya horar da shi kamar yadda ake horar da ƙwanji.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne bitar zuci. Kullum bayan isha'i, in rufe ido in bi waƙar tun daga hawa dandamali: nauyin mikoro, zafin fitila, hayaniyar yara a gaba. Da farko ina ganin kaina ina rerawa tsaf. Kawu ya ce wannan mafarki ne. "Ki ga kanki kin manta baitin. To daga nan mi za ki yi?" Dare da yawa in na iso wurin sai in buɗe ido, zufa a goshina. A hankali na gina mafita: in saurari kalangu, in bar shi ya zagayo sau ɗaya, in shiga da amshi, baitin zai biyo baya. Daga baya ya sa mai kalangunmu ya riƙa sauya kiɗa da gangan, yaran fili suna ihu a kaina, ni kuma in ci gaba.

Ba duk dabararsa ce ta karɓe ni ba. Ya ce in yi wa kaina kirari kamar yadda yaransa ke yi kafin karo. Na gwada, sai jinina ya hau, wuyana ya ɗaure, murya ta fita a tsinke. Ya kuma ce in ɗauki 'yan kallo abokan karawa. Wannan ma na ajiye, domin ba kada su na zo yi ba. Maimakon kirari na riƙe kalma ɗaya, "sannu", ina faɗa wa kaina ita a numfashin ƙarshe. A cikin taro kuma nakan nemi fuskar wata dattijuwa in rera mata ita kaɗai, har ƙafata ta kafu.

Har yanzu yana yi mini ciwo in na tuna 'yan matan da muka fara tare, masu muryar da ta fi tawa, waɗanda dare ɗaya irin nawa ya raba su da waƙa. An ce musu ba su da zuciya, ko an ce iska ce, suka koma gida.

Ana cikin kaka sai shugaban ƙungiyarmu ya aiko a tambaye ni ko zan yi waƙa a wani biki a Birnin Ƙonni. Na ce a ba ni kwana biyu. Da na gaya wa Kawu, bai ce in je ba, bai ce kar in je ba. Ya ɗebo rairayin fili cikin ƙullin leda ya miƙo mini. Tafiyar Ƙonni sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.